Zauren Tambaya da Amsa: Rubutun Kundin Master da na Doktora

Wasiƙun wannan fitowar duk daga ɗaliban da suka wuce lisans suka zo, kuma duk a kan rubutun kundi suke. An taƙaita wasu, an kuma cire sunayen masu su kamar yadda aka saba a wannan shafi.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu ta master a fannin noma, ina aiki a kan adana wake bayan girbi. Na kai wa malamin da ke duba aikina gabatarwa da bitar ayyukan da suka gabata, sai ya maido mini da su, ya rubuta a gefe cewa har yanzu bai ga matsalar bincike ba, kuma abin da na kira bita jerin sunaye ne kawai. Na karanta maƙalu da yawa, ban kuma kwafi aikin kowa ba. To, me ya rage? Daga wata ɗaliba a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴata. Malaminki bai ce ba ki yi karatu ba. Abin da yake nufi shi ne kin kawo masa fage, alhali shi tambaya yake jira. Adana wake bayan girbi fage ne mai faɗi, wanda mutum zai iya shekara goma yana rubutu a cikinsa bai gama ba, domin babu wani wuri da za a ce nan ne ƙarshe. Matsalar bincike kuwa ita ce inda abin da aka sani ya tsaya, ko inda abubuwa biyu da aka sani suka ƙi jituwa, kuma da zarar an same ta, ita ce ke gaya wa mai rubutu abin da zai shiga kundi da abin da zai bari a waje.

Bari mu tsaya a kan wakenki. An san cewa ƙwaron wake tun daga gona yake shiga, ya ci gaba da hayayyafa a rumbu ko a buhu har ya huhhuje waken cikin ƴan watanni. An kuma san buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi tare da cibiyoyin bincike na Afirka, aka shiga yaɗa shi sosai daga shekarar 2007, kuma masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, a nan Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, a ɗaure bakin kowanne daban, sai ƙwarin su ƙarar da iskar shaƙar da ke ciki, ɓarnarsu ta tsaya ba tare da an zuba magani ba. Wannan duk sananne ne, kuma wanda ya sake tabbatar da shi bai ƙara wa kowa sani ba. Amma a ce kin shiga ƙauyukan da kike aiki kin tarar da manoman da suka san buhun, sun ma taɓa sayensa, amma sun koma zuba magani, ko kuma suna sayar da waken tun da kaka lokacin da ya fi araha. A nan matsala ta fito, domin abin da gwaji ya nuna da abin da manomi ke yi sun saɓa. Sai ki tambayi kanki: tsadar buhun ce, ko ba a samunsa a kasuwar ƙauye lokacin girbi, ko ledar ce ke hujewa a shekara ta biyu, ko bashi ne ke tilasta sayarwa da wuri, ko kuwa wadda ta noma waken a gayaunarta ba ita ke da ta cewa a kan ajiyarsa ba? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kundi ce daban mai hanyar bincike daban. Ta hujewar leda tana bukatar awo da gwaji, ta bashi kuwa tana bukatar hira da bin diddigin kuɗin gida. Master shekara biyu ne a tsarin LMD (lisans, master, doktora), kuma abin da ke ragewa na aikin fili a ciki ƴan watanni ne, saboda haka ɗaya za ki ɗauka, ko biyu in sun haɗa hanya.

Kafin ki koma wurin malaminki, ki rubuta jimla biyu a takarda guda. Ta farko ta faɗi amsar da kike zato, ta biyu ta faɗi sakamakon da, in kika same shi, zai nuna cewa zaton naki bai yi daidai ba. In jimla ta biyu ta gagara, ba ki kai ga tambaya ba tukuna.

Da kin sami tambayar, gabatarwa ba za ta ba ki wahala ba. Wani masanin harshe ɗan Ingila, John Swales, wanda ya koyar a jami'ar Michigan, ya nazarci gabatarwar maƙalun ilimi masu yawa, ya nuna a 1990 cewa galibinsu taki uku suke yi: su nuna fagen da muhimmancinsa, su nuna giɓin da ke cikinsa, sa'an nan su faɗi yadda wannan aikin zai shiga giɓin. Ɗalibanmu sun ƙware a taki na farko har ya yi yawa, domin za ka ga kundi a kan waken ƙauye guda ya fara da faɗin ƙasar Nijar da iyakokinta da yawan ruwan samanta, abin da duk wanda zai zauna a juri, wato kwamitin da ke tantance kundi, ya sani tun yana firamare. Taki na biyu ne ake tsallakewa, kuma shi malaminki ya nema ya rasa.

Sai batun bita. Na san irin abin da kika rubuta ko ban gan shi ba: wane ya ce wake yana da muhimmanci ga abinci, wane ya ce ƙwari suna jawo asara, wane kuma ya ce buhu yana maganinsu. Wannan aikin sanƙira ne a wurin biki, wane ya ba da kaza, wance ta ba da kaza, ba tare da an ji ra'ayin mai shelar ba. Bita tana neman ki zaunar da marubutan su fuskanci juna. Ki ɗauki babbar takarda ki ja mata layuka, kowace maƙala da layinta, a saman kuma ki rubuta: ina aka yi aikin, wace shekara, da mutum ko buhu nawa, ta wace hanya, me aka samu, ina rauninsa. In kin cika ta, kada ki karanta ta layi bayan layi, ki karanta daga sama zuwa ƙasa, rukuni bayan rukuni. A nan ne za ki ga, misali, cewa waɗanda suka yi gwaji a tashar bincike sun yi amfani da sabon buhu, waɗanda suka yi hira a ƙauye kuma ba su duba lafiyar ledar ba. Sakin layinki sai ya fara da wannan lurar taki, sunayen marubuta su biyo baya a matsayin shaidu. Mai karatu ya kamata ya ji muryarki a jimlar farko ta kowane sakin layi, ya ji ta kuma a ta ƙarshe.

Ki kuma kiyayi jimlar nan da ɗalibai ke so, wato babu wanda ya taɓa bincike a kan wannan batu. Yankin Maraɗi yana cikin yankunan Nijar da aka fi nazarta. Guy Nicolas da Claude Raynaut sun yi shekaru suna aiki a kan al'umma da noman wannan yanki, Emmanuel Grégoire ya fitar da nazarinsa a kan alhazan Maraɗi a 1986, Barbara Cooper kuma ta fitar da nata a kan aure a wannan gari a 1997. A fannin wake, Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noma shi, kuma aiki mai yawa an yi shi ne a tsallaken iyaka, a cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya da reshen Kano na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da Ingilishi aka kuma rubuta shi. Ɗalibin da ya tsaya a kan abin da aka rubuta da Faransanci kaɗai ya bar babban kaso na shaidunsa a waje. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi a 2010 aka kafa ta, saboda haka kundayen da suka girme ta sai an nema a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da rahotannin INRAN. A intanet kuma akwai shafukan neman maƙalu irin su HAL da Persée da AJOL da Google Scholar, ga kuma AGORA, shirin da hukumar FAO ta buɗe a 2003, wanda cibiyoyin ƙasashe irin tamu ke shiga kyauta in sun yi rajista. Ki tambayi mai kula da ɗakin karatu ko an yi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne, ina kuma yin master a fannin labarin ƙasa a kan sassaben zamani, wato barin itatuwan da ke tohowa a gona a kula da su maimakon a sare su. Na yi hira da manoma a ƙauyuka huɗu, kuma mafi yawansu sun ce gonar da ke da itatuwa ta fi ba da hatsi. Na rubuta cewa bincikena ya tabbatar sassaben zamani yana ƙara amfanin gona, amma mai duba aikina ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, ya ce na faɗi abin da ban gani ba, ya kuma ce na cakuɗa sakamako da tattaunawa. Ni dai gaskiya na faɗa. Daga wani malami a Tasawa.

Amsa: Malam, barka kadai. Mai yiwuwa abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ba bincikenka ne ya tabbatar da shi ba, kuma a kundi ba a tambayar mutum abin da ya yi imani da shi, ana tambayarsa abin da hujjarsa za ta iya ɗauka. Abin da ka gani shi ne manoma sun ce gonar itatuwa ta fi ba da hatsi. Wannan sakamako ne mai daraja, kuma haka za ka rubuta shi, da adadin waɗanda ka tambaya da adadin waɗanda suka faɗi hakan. Tsakanin "manoma sun ce" da "yana ƙarawa" akwai tazara wadda sai awo ke cike ta. Ko da ka auna ka ga gonakin da ke da gawo sun fi, da sauran aiki, domin mai yiwuwa gonakin nan su ne na kusa da gari waɗanda ake kai wa taki, ko masu su su ne masu dabbobi, ko kuwa dabbobin da ke kwana a inuwar gawon da rani ne ke barin kashi. Gawo yana zubar da ganye da damina, shi ya sa ba ya tare wa hatsi rana, kuma yana cikin itatuwan da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, amma in ba ka raba tasirinsa da na taki ba, ba za ka iya cewa ga rabon kowanne ba. Saboda haka kalmomin hukunci matakai gare su. Akwai "ya tabbatar", akwai "ya nuna", akwai "yana nuni da cewa", akwai "mai yiwuwa", kuma gwanintar marubuci ita ce ya san matakin da hujjarsa ta kai ya tsaya a nan. Wanda kuma ya sa "mai yiwuwa" a kowace jimla don tsoron juri, shi ma bai faɗi kome ba.

Raba sakamako da tattaunawa abu ne mai sauƙi in ka riƙe wannan: a babin sakamako kai kaɗai ne da bayananka, babu sunan wani marubuci, babu "saboda". Jadawali ya ɗauki lambobi, rubutun da ke ƙarƙashinsa ya nuna wa mai karatu abu ɗaya ko biyu da ya kamata ya lura da su, ba ya sake karanto jadawalin gaba ɗaya ba. A babin tattaunawa ne za ka dawo da mutanen da ka ambata a bita, ka ce sakamakonka ya dace da na wane, ya saɓa wa na wane, ga kuma dalilin da kake gani. A nan ne kuma za ka faɗi iyakar aikinka da bakinka, tun kafin wani ya faɗa maka ranar sutnans, wato ranar kare kundi.

Akwai abubuwa biyu na aikin fili da nake so ka shigar a babin hanyoyin bincike, domin su ne ke bambanta wanda ya je ƙauye da wanda ya zauna a gari ya cike takardu. Na farko awo. Manomi ba ya lissafi da kilo ko eka, da dami da tiya yake yi, kuma damin wani ƙauye ba shi ne na wani ba, har a gida guda ma damin bana ba lalle ya kai na bara ba. Galibi ana ƙiyasta tiyar hatsi a kan kilo biyu da rabi ko sama kaɗan, amma kada ka ɗauki wannan daga littafi. Ka tafi da sikeli, ka sa a sussuka dammai kaɗan a kowane ƙauye, a sheƙe, a auna a gabanka, sa'an nan ka rubuta yadda ka yi. Na biyu, yadda aka ɗauke ka. Baƙon da ya sauka a ƙofar mai gari da takarda da biro, ana yi masa kallon ɗan proje, kuma mutumin da ke zaton taimako na tafe zai iya rage yawan abin da ya girbe, ko ya yabi abin da yake jin ana so ya yaba. Wannan ba ƙarya ba ce ta mugunta, dabarar zaman duniya ce, amma dole kundinka ya nuna ka san da ita, ya kuma faɗi abin da ka yi don rage ta, kamar komawa sau biyu, ko hira da mata daban ba a gaban mazajensu ba. Hirarrakin kuma ka rubuta su da Hausa yadda aka faɗe su kafin ka juya su zuwa Faransanci, ka sa muhimman a rataye, ka ɓoye sunayen masu maganar.

Wani abu kuma tun da fanninka ne. Kusan duk wanda ya yi rubutu a kan sassaben zamani yana kawo cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar, tun bayan da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya fara wannan aiki da manoman yankin Maraɗi a 1983. Lambobin nan ƙiyasi ne, kuma an fi jingina su ga rahoton da Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale suka fitar a 2009, bisa hotunan sama da ziyarar fili. In za ka kawo su, ka nemo tushen ka karanta, ka kira su ƙiyasi, ka faɗi shekararsu. Kada ka ɗauke su daga kundin wani ɗalibi wanda shi ma daga wani ya ɗauka.

Tambaya: Malam, abokaina suna amfani da ChatGPT wajen rubuta babi sukutum, wasu kuma suna ɗauko sakin layi daga tsofaffin kundaye su canza kalmomi. Ni Faransancina ba shi da ƙarfi, kuma ina tsoron a ce na yi satar rubutu ko da ban yi niyya ba. Ina iyakar take? Daga wani ɗalibi a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Ɗana, iyakar a fili take. Duk jimlar da ke cikin kundinka, dole mai karatu ya iya sanin ta wa ce. In kalmomin wani ne, ka sa su cikin alamar zance, da sunansa da shekara da shafi. In tunaninsa ne ka faɗa da bakinka, alamar zance ta faɗi amma suna da shekara suna nan. Canza kalma uku a jimlar mutum ka bar ƙashin bayanta yadda yake, sata ce ko da ka ambaci sunansa, haka ma fassara sakin layi daga Ingilishi ka saka kamar naka. Manhajojin da jami'o'i ke amfani da su, irin su Compilatio da Turnitin, suna kama wani abu, amma malamin da ya san rubutunka ya fi su kamawa, domin yana ganin inda Faransancinka mai tuntuɓe ya koma santsi farat ɗaya. Hanyar tsira ita ce ka karanta, ka rufe littafin, ka faɗa wa kanka abin da ka fahimta, ko da Hausa ne, sa'an nan ka rubuta, ka buɗe ka gwada. In kuma ba ka ga asalin aikin ba, sai a bakin wani ka ji shi, ka rubuta cewa wane ne ya ruwaito daga wane. Mu da muka tashi muna jin yadda malaman hadisi ke bin isnadi, bai kamata wannan ƙa'ida ta zame mana baƙuwa ba.

ChatGPT, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2022, da sauran manhajojin ƙirƙirarriyar basira, suna iya gyara maka nahawu ko su bayyana maka abin da ya shige maka duhu, in dokar makarantarku ta yarda, kuma wannan sai ka tambaya kafin ka fara. Haɗarinsu babba a wurin mai bincike shi ne suna iya ƙirƙiro manazarta: sunan marubuci na gaske, mujalla ta gaske, amma maƙalar babu ita a duniya. Kada wani aiki ya shiga manazartarka sai ka buɗe shi da idonka, in yana da DOI, lambar shaidar maƙala a intanet, ka bi ta ka ga inda ta kai ka. Babin da na'ura ta rubuta kuwa, ranar kare kundi ba ita za ta tsaya gaban juri ba. Don tsara manazarta ka sauke Zotero, kyauta ne, yana aiki da Word da LibreOffice, kuma zai jera maka su bisa tsarin APA ko wanda sashenku ya zaɓa. Ka fara zuba masa tun daga maƙalar farko da ka karanta.

Tambaya: Malam, ina shekara ta biyu ta doktora, kuma ana bukatar in wallafa maƙala kafin in kare kundi. Wata mujalla ta aiko mini saƙo cewa za ta buga aikina cikin mako guda in na biya kuɗi, alhali wadda na fara aika wa ta riƙe shi watanni, daga baya ta maido da gyare-gyare shafi uku. Wacce zan bi? Daga wata ɗaliba a Tibiri.

Amsa: Malama, ki bi wadda ta ba ki wahala. Shafi ukun nan alama ce cewa masana sun zauna sun karanta aikinki, kuma wannan karatun shi ne abin da ke ba maƙala daraja. Mako guda ba ya isa a nemo masu bita, su karanta, su amsa. Irin mujallun da ke farautar marubuta ta saƙo sun yi yawa har wani ma'aikacin ɗakin karatu a jami'ar Colorado, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayensu kafin ya rufe jerin a 2017. Biyan kuɗi kaɗai ba shi ne alamar ba, domin akwai mujallu na ƙwarai da ke karɓar kuɗin bugu, da yawansu kuma suna yafe wa marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi in an nema. Abin dubawa shi ne ko mujallar tana cikin jerin mujallu na DOAJ ko Scopus ko AJOL, ki kuma duba a shafin waɗannan ɗin da kansu, ba a shafin mujallar ba, domin mai ƙarya ba ya rasa tambari. Ki duba ko editocinta mutane ne da ake iya samu a jami'o'insu, ko kuma tana buga likitanci da adabi da injiniyanci a fitowa guda. In kina da niyyar koyarwa a jami'a, ki tuna cewa wata rana takardunki za su je gaban kwamitocin CAMES, hukumar tantance malaman jami'a da aka kafa a Yamai a 1968 mai mazauni a Wagadugu, kuma a can ana duba inda aka buga aiki, ba yawansa kaɗai ba.

Wajen amsa gyare-gyaren, ki yi jadawali mai gida uku: abin da mai bita ya ce, abin da kika yi, da shafin da gyaran yake. Ki amsa kowane batu, har wanda kike ganin ƙarami ne. Inda ba ki yarda ba, ki faɗa cikin ladabi da hujja, domin ba a tilasta wa marubuci ya karɓi kome da kome. In mai bita bai fahimci wata jimla ba, ki sake rubuta ta maimakon ki yi masa bayani a wasiƙa, tun da mai karatu na gobe ba zai ga wasiƙar ba. Kada kuma ki aika maƙala guda ga mujallu biyu a lokaci ɗaya. Sannan ki sani babin kundi ba maƙala ba ne, sai an sassaƙe shi ya koma tambaya guda da gabatarwa da hanya da sakamako da tattaunawa, bisa adadin kalmomin da mujallar ta ƙayyade.

Tambaya: Malam, yaushe ake rubuta tsakure, kuma shafi nawa ya kamata kundin master ya kai? Daga wani ɗalibi a Madarunfa.

Amsa: Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin kundi, shi ake rubutawa a ƙarshe, ko da yake shi ake fara karantawa, kuma sau da yawa shi kaɗai ake karantawa. Ya ƙunshi matsalar, da hanyar da aka bi, da babban sakamako da lambobinsa, da abin da sakamakon ke nufi, ba tare da ambaton wani marubuci ba. Jimla irin "an tattauna sakamakon" ba ta da wuri a ciki, a faɗi sakamakon kansa. In ana bukatar na Ingilishi, ka ba wanda ya iya harshen kuma ya san fannin ya duba maka. Yawan shafi kuwa kowane sashe da ƙa'idarsa, sai ka karɓi takardar ƙa'idar a wurin shugaban sashenku, ka kuma nemi kundaye biyu da suka sami yabo a shekarun baya ka ga yadda aka raba shafukan tsakanin babi da babi.